Aibin da Ke Cikin Bango

A zamanin iyayenmu, idan mutum ya yi niyyar sayen gida a cikin birnin Kano, ko Zariya, ko Katsina, ba ya bukatar wani masani daga nesa ya gaya masa lafiyar gidan, domin kusan dukkan abin da zai iya zama aibi a ginin ƙasa a zahiri yake, ido yana ganinsa, hannu yana kaiwa gare shi. Zai shiga ne tare da dillali da wani dattijo daga cikin danginsa, galibi kuma a ɗauki tsohon magini a tafi da shi, a ɗaga kai a dubi azara ko gara ta taɓa ta, a ƙwanƙwasa gindin katanga a ji ko ruwa ya zauna mata, a hau soro a duba daɓe da bakin indararo, a tambayi shekarar da aka yi yaɓe na ƙarshe. Sa'an nan a bi kwata da ƙafa tun daga tsakar gida har inda ta ɓulla waje, don a san ko ta gidan maƙwabci take ratsawa, ko kuwa akwai wata tsohuwar husuma a kanta wadda mai unguwa ya sani. Daga bisani a zo bakin rijiya, in gidan yana da ita, a zura guga a jawo, mai saye ya kurɓa da bakinsa. In ruwan daɗi ne, gida ya ƙara daraja. In kuwa zartsi ne, wanda ba ya shayuwa, sabulu kuma ba ya kumfa a cikinsa, to kowa ya san sai an riƙa sayen ruwan sha daga waje, a kan wannan sani kuma za a yi tayi, a yi albarka, har a kai ga sallamawa.

Ruwan famfo ya shigo Kano a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, sa'ad da En'e ta ɗebi kuɗi daga baitulmalinta ta gina ma'aikatar ruwa a bakin kogin Challawa, aka riƙa turo shi da inji zuwa ma'ajiya a kan Gwauron Dutse, daga can ya gangaro wa gari. Amma shekaru da dama bayan haka talaka a famfon unguwa kaɗai ya san shi, ko a kafaɗar ɗan ga-ruwa mai garwa biyu a jikin sanda, randa kuma tana nan a mazauninta a inuwar tsakar gida. Gidajen da aka shigar wa bututu har cikin ɗaki 'yan ƙalilan ne: na Turawa a Nasarawa da Bompai, da na manyan ma'aikatan reluwe, da na Kwarori 'yan kasuwa, da na wasu attajirai.

Babban sauyi sai a shekarun 1970 ya zo, da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 zamanin Audu Bako, kuɗin man fetur ya shigo, ƙarin albashin Udoji ya biyo baya, bulo da siminti suka ture tubali. A lokacin ne gwamnatoci suka gina rukunin gidaje irin su Kundila da Gwammaja a Kano, da Barnawa da Malali a Kaduna, kana gidajen Shagari suka biyo tsakanin 1979 da 1983. Ma'aikaci da ɗan kasuwa kuma kowa ya samu fili a sabuwar unguwa ya yi nasa, da shawa, da baho, da masai mai ruwa, da wurin wanke-wanke a kicin. Duk wanda ya ga ranar da aka fara murɗa kan famfo a irin waɗannan gidaje ba zai manta farin cikin matan gida ba, waɗanda aka sauke wa wahalar guga da tulu. Sai dai a wannan ranar ce kuma ruwa ya bar idon mai gida ya shige cikin gaibu, domin an tsaga bango an kwantar da bututu an shafe da filasta, an binne wani a ƙarƙashin daɓen tarazo, ba a bar wa kowa taswirar inda ya bi ba, wanda ya yi aikin kuwa ya karɓi ladansa ya tafi da ilimin a kansa.

To, ga inda lissafi ya haɗu. Bututun da aka yi amfani da shi a galibin gidajen nan na baƙin ƙarfe ne da aka tsoma a narkakkiyar tutiya don ta kare shi daga tsatsa, dabarar da wani Bafaranshe mai suna Sorel ya yi wa rajista tun 1837, masana gini kuwa suna ƙiyasta masa shekara 40 zuwa 50. Gidan da aka gina a 1978 ya riga ya shiga wannan wa'adi. A daidai wannan lokaci ne kuma waɗanda suka gina gidajen suke komawa ga Mahaliccinsu, magada su sa gida a kasuwa domin a raba gado, gwamnatoci ma tun daga shekarun 2000 suke ta sayar da tsofaffin kwatas ɗinsu. Watau gidajen da suka fi yawa a hannun dillalai yau, a unguwanni masu faɗin titi da manyan itatuwa waɗanda kowa yake sha'awa, su ne waɗanda bututunsu ya kai ƙarshen kwanansa, alhali bangonsu da rufinsu suna nan daram, wani ma ya fi ginin bana ƙwari.

Yadda wannan bututu yake mutuwa abin lura ne, domin daga ciki yake farawa. Ruwa yakan cinye tutiyar nan sannu a hankali, musamman a mahaɗa inda aka yanka wa ƙarfen zare don a ɗaura shi da ɗan'uwansa, tun da yankan ya riga ya kankare kariyar ya kuma rage kauri. In tutiya ta ƙare sai tsatsa ta kama ƙarfe, ita kuwa tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma nesa ba kusa ba, sai ta riƙa kumbura tana taruwa ƙuraje-ƙuraje a jikin bututun, shekara bisa shekara, kamar yadda ƙanzo yake kama gindin tukunyar da ba a kankarewa, har hanyar ruwa ta ƙuntata. Idan faɗin rami ya ragu da rabi, filin da ya saura wa ruwa rubu'i ne kacal, abin da ke fitowa a kan famfo kuma bai kai ko rubu'in ba, saboda gogayya da kaushin tsatsar. Layin ruwan zafi ya fi saurin lalacewa, haka nan wanda ke kwance ya fi wanda ke tsaye, inda kuma aka haɗa jan ƙarfe da baƙin ƙarfe kai tsaye, to baƙin zai riƙa zagwanyewa a bakin mahaɗar fiye da ko'ina.

Na taɓa tsayawa a wani gida irin wannan da wani ɗan'uwana ya saya, ranar da mai gyaran famfo ya fasa bangon ban-ɗaki yana neman inda danshi yake fitowa. Ya sa zarto ya yanko guntu kamar tsawon tafin hannu, wanda daga waje fes yake, toka-toka, har tambarin kamfani bai goge ba. Da ya ɗaga shi saitin taga sai ga cikinsa cunkushe da wani abu ja mai duhu, ba abin da ya rage sai 'yar ƙofa a gefe wadda tsinken tsintsiya ya shiga da ƙyar, a bututun da asalinsa rabin inci ne. Ya miƙa wa mai gidan ya ce, "Alhaji, duba nan da idonka, ta nan iyalinka suke shan ruwa." Mai gida ya juya shi a hannu, ya ce, "To Malam, ba a iya zura wani abu a wanke cikin?" Sai ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, ai tsatsar nan ita ta riƙe shi. In ka cire ta, babu sauran fayif." Gaskiya kuwa ya faɗa, domin a ƙarƙashin kowane ƙurji akwai rami da ya kusa huda ƙarfen, wani ma ya huda, tsatsar ce ta toshe, shi ya sa wanda ya taɓa tsohon layi da sifana a wuri ɗaya yakan wayi gari da yoyo a wani wurin da bai taɓa ba, ya zargi mai gyara da mugunta, alhali ba laifinsa ba ne.

Akwai kuma wani dalili da ya gaggauta wa bututunmu tsufa, wanda ba daga ƙarfen yake ba. An gina gidajen nan ne bisa zaton cewa ruwan gari zai kasance a cikin layi dare da rana, da ƙarfinsa, an tace shi an sa masa magani. Amma ƙidayar 1952 ba ta sami mutum dubu 150 a birnin Kano da unguwannin wajenta ba, ta 2006 kuwa ta sami fiye da miliyan 2 da rabi a ƙananan hukumomin cikin gari, ruwa bai bi jama'a da wannan gudu ba duk da ƙarin da aka yi a Challawa da Tamburawa, haka al'amarin yake a sauran biranenmu. Sai ya zama ruwa ya zo yau, ya ɗauke kwanaki. Bututun da ya jiƙe sa'an nan iska ta shiga ta zauna masa ya fi wanda ke cike kullum saurin tsatsa. Ranar da ruwa ya dawo da ƙarfi kuma ya ɓamɓaro abin da ya taru, ya fito ja kamar an jiƙa kanwa, ya ɓata wa mai wanki farar shadda, don kuwa sinadarin ƙarfe ko da miligiram 0.3 ne a lita ya isa ya fara rina tufa. Mafi muni, layin da ya shigo gida daga titi sau da yawa ta cikin kwata yake ratsawa, in ruwa ya ɗauke sai bututun ya riƙa zuƙa maimakon turawa, duk inda yake da huda ya shigo da abin da ke kewaye da shi, ta nan taifot da kwalara suke samun hanya. Ɗalibin da ya karanta babin ruwa a Ishmawi ya san malamai sun bambanta ruwan da ya canja saboda mazauninsa ko hanyar da ya bi, wanda bai fita daga tsarki ba, da wanda najasa ta canja wa launi ko ɗanɗano ko ƙanshi. Jan tsatsa yana cikin na farko, shi ne kuma yake tayar wa mutane hankali; na biyun da ya fi haɗari sau da yawa garau yake fitowa.

Da ruwan gari ya gaza, kowane mai hali ya haƙa rijiyar burtsatse, ya zura sumo, ya ɗora tanki a kan ƙarfe, ya haɗa da tsohon layin gidan. Tankin da ke bisa mita 6 ƙarfin turawarsa kaɗan ne, ba ya iya ratsa ƙuntataccen bututu ya kai shawa. Sai a ƙara injin turawa, shi kuma ya ɓalle ramukan da tsatsa ta toshe. Ruwan da aka sha wahalar jawowa da man janareta sai ya tafi cikin bango. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa, in an bar shi shekara, ya haura lita 10,000, watau jarka 400 ta mai kura.

Malamanmu na Malikiyya ba su bar mas'alar aibin gida ba tare da bayani ba, abin da suka faɗa kuwa yana da ban sha'awa ga wanda ya kwatanta shi da halin yau. A cikin Muhtasar na Shehu Halilu, malamin Masar na ƙarni na 14 wanda alƙalan ƙasar nan suka daɗe suna hukunci da littafinsa, da kuma a wurin masu sharhinsa, an kasa aibin gida kashi uku: ƙarami wanda ba a waiwayarsa, da matsakaici wanda ba ya warware ciniki amma ana mayar wa mai saye ƙimarsa, kamar tsagewar bangon da ba a jin tsoron zai kayar da gida, da kuma babba wanda mai saye yake da zaɓin mayar da gidan ya karɓi kuɗinsa, wasu suka iyakance shi da sulusin farashi. Daga cikin abin da aka lissafa a babban akwai aibin da ya yanke wani amfani na gidan, misalin da aka bayar kuwa shi ne rijiya ta fito da ruwan gishiri a unguwar da rijiyoyinta na daɗi ne. Wanda ya karanta wannan zai ce to ai shi ke nan, gidan da ruwa ba ya kaiwa ban-ɗakinsa ya shiga ƙarƙashin wannan hukunci. Amma a cikin babin nan dai an ambaci wani nau'in aibi wanda ba a iya saninsa sai an fasa abin ko an canja shi, kamar ƙwaro a cikin katako ko ɗaci a cikin kokwamba, aka ce wannan ba a mayarwa saboda shi, ba a kuma biyan ƙima, tun da mai sayarwa da mai saye sun yi daidai a jahiltarsa, sai fa in an gindaya sharaɗi tun farko ko al'adar gari ta gudana a kan mayarwa.

Bututun da ke cikin bango yana tsakanin waɗannan misalai biyu, a ganina kuma abin da zai karkatar da shi gefe ɗaya shi ne ilimin mai sayarwa. Magajin da ya tashi a wani gari, bai kwana a gidan ba shekara da shekaru, ya sayar bisa abin da ya gani, wannan uzurinsa a fili yake. Amma wanda ya zauna a gidan, ya san da bokiti ake hawa bene, ya san bangon ɗakin da ke jingine da ban-ɗaki yana tsattsafo da danshi kowace shekara, sa'an nan da ya tashi sayarwa ya kira mai fenti ya shafe wurin mako biyu kafin a kawo masu dubawa, wannan tadlisi ne tsantsa, watau ɓoye aibi, ko da me dillali ya kira shi. Hadisi ya zo da labarin yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi dalilin da bai sa jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani ba, ya kuma yi gargaɗi mai tsanani a kan algus. Danshin da aka rufe da fenti da wanda aka rufe da busasshen hatsi hukuncinsu ba ya nisa da juna. Sai dai tabbatar da abin da mutum ya sani a zuciyarsa a gaban alƙali, bayan an raba kuɗin gado kowa ya kama gabansa, aiki ne mai wuya, shari'a da maƙwabta ko dangin mamaci kuma ba abin da mai hankali zai so ya fara zaman unguwa da shi ba ne.

Abin mamaki shi ne mai sayen gida na yau ya fi kakansa bincike ta wata fuska. Tun da dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta fito, ba wanda zai biya kuɗi sai ya ga takardar shaidar mallaka, ya je ma'aikatar filaye an duba fayil, ya ɗauki lauya, ya tabbatar ba a jinginar da gidan a banki ba, dukkan magada kuma sun sa hannu. Wannan duka daidai ne. Amma mutumin nan da ya yi wata uku a kan takarda yakan zagaya gidan cikin rabin sa'a, da rana tsaka, ba ruwa a tanki, ya yaba faɗin falo da tsawon katanga ya fita, ya yi cinikin biri a sama ta ɓangaren da ya fi kowane tsadar gyara.

Binciken kuwa ba shi da wuya ga wanda ya nace. A tafi da mai gyaran famfo wanda mai saye ya zaɓa ya kuma biya da kansa, kada a karɓi wanda dillali ya kawo. A nemi a cika tanki ko da da ruwan saye ne, a buɗe famfo na nesa da na bene, a ga launin ruwan farko a farin kwano, a buɗe biyu ko uku a lokaci guda a ga ko ɗaya zai ɗauke wa ɗaya. Sa'an nan a rufe komai, a sa alama a inda ruwa ya tsaya a tanki, a dawo da safe, in ya sauka alhali ba wanda ya taɓa, to akwai mai sha a ɓoye. A shafa tafin hannu a gindin bango, musamman bayan ban-ɗaki da kicin, a lura da fentin da ya kumbura ko farin gishiri-gishiri da ke fitowa a jikin filasta, a kuma yi tambaya a kan duk bangon da sabon fentinsa ya tsaya iya ƙugu. Inda bututu ya fito fili a kankare shi da mabuɗi: maganaɗisu yana kama baƙin ƙarfe, jan ƙarfe launinsa ya bayyana shi, wanda kuwa ya yi taushi ya yi ƙyalli kamar azurfa, maganaɗisu bai kama shi ba, wannan dalma ce. In mai gida ya yarda a kwance mahaɗa ɗaya a leƙa cikinta, ta wadatar. In ya ƙi, ƙin ma bayani ne. Abin da aka gano a yi masa ƙiyasi na kuɗi, a cire daga farashi, a rubuta a cikin takardar ciniki a gaban shaidu cewa an sayi gida bisa sanin kaza, ko bisa sharaɗin kaza.

Dalma tana bukatar a tsaya a kanta kaɗan, domin mu mutanen da suka ga abin da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinariya mai dalma, ba ma bukatar a gaya mana gubarta. A tsohon gida takan kasance a guntun bututu na zamanin Turawa, ko a abin da aka liƙe jan ƙarfe da shi, ko a tsofaffin kawunan famfo na tagulla, har ma a cikin tutiyar da aka rufe baƙin ƙarfe da ita a da. Ba ta da launi ba ta da ɗanɗano, tafasa ruwa ba ya fitar da ita, illarta kuma ta fi tsanani a ƙwaƙwalwar ƙananan yara da masu ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarta a maikurogiram 10 a lita, Amurka kuma sai a 1986 ta hana amfani da ita a aikin ruwan sha. A birnin Flint na jihar Michigan, cikin watan Afrilu na 2014, hukuma ta sauya wa gari ruwa daga na Detroit zuwa na kogin garin ba tare da sa maganin hana cin ƙarfe ba, sabon ruwan ya narkar da ɓawon da ya daɗe yana rufe cikin tsofaffin bututu, dalma ta fito a gidajen mutane. Abin da ya shafe mu a wannan labari shi ne tsohon bututu ya saba da ruwansa, in an sauya masa wani sai ya motsa. Mu kuwa kowane gidan da ya bar ruwan gari ya koma na burtsatse irin wannan sauyi ya yi, ba tare da an auna komai ba.

Magani dai ɗaya ne, a sake layi gaba ɗaya, kuma mafi sauƙin lokacinsa kafin a tare, gida babu kaya babu iyali, kafin a kashe kuɗi a tayil da fenti waɗanda za a dawo a fasa. Faci-faci asara ce, na ga wanda ya shekara yana yi. Ƙwararrun masu aikin yanzu ba sa ma wahalar da kansu da tono tsohon. Sukan yanke shi su toshe su bar shi a kabarinsa, su jawo sabo na roba ta bayan gini a jikin bango, ya huda ya shiga daidai inda ake bukata, kowane ban-ɗaki da makullinsa. Wasu suna ganin wannan ya rage wa gida kyau. Ni dai na fi son bututun da zan gani a bayan ɗaki bisa wanda zan ji labarinsa daga danshi. Amma roba ma tana da sharuɗɗanta, domin farar nan da ake liƙawa da gam rana tana gasa ta har ta yi ƙarau ta fashe in ba a rufe ta ko an shafa mata fenti ba, ba kuma ta jure ruwan zafi. Koriyar da ake narkawa da wuta ta fi ta ƙarko, sai dai in yaron aiki ya wuce da zafi bakin mahaɗa yakan narke ya toshe rabin hanya tun ranar farko. A kasuwa kuwa akwai mai sirara da aka yi don wayar lantarki ko ruwan datti, wadda marar tsoron Allah zai sa maka a layin sha ya karɓi kuɗin mai kauri. Wani abu kuma da ake mantawa: a tsofaffin gidaje da yawa jikin bututun ƙarfen nan aka ɗaura wayar da ke kai ɓatacciyar wutar lantarki ƙasa, ranar da aka maye shi da roba gidan ya rasa wannan kariya, mai wanka da hita kuwa shi ne farkon wanda zai ji a jikinsa, saboda haka a kira mai gyaran wuta ya kafa sabon turke tun kafin a kunna komai.

Duk wannan a kan ruwan shiga ne. Na fita ya fi shi ɓoyuwa, ba kuma mai son maganarsa a wajen ciniki. Tsohon bututun ban-ɗaki, na zubin ƙarfe ne ko na yumɓu ko na asbesto, yakan tsage a mahaɗa, darbejiya da mangwaron nan da suka ba gidan inuwar da ta ja hankalin mai saye su ne suke zura saiwa ta wannan tsaga su cika shi, ruwan da ke zuba a gindin gini kuma ya tausasa ƙasa har bango ya fara rabewa. A ɗaga murfin kowace camba, a zuba bokiti a masai a ga ko ya iso da sauri, a tambayi shekarar da aka kwashe sokawe, a dubi murfinsa ko ƙarfen cikin simintin ya ruɓe, domin an sha jin wanda ya rufta da mutum. Sa'an nan a auna da ƙafa tsakanin sokawe da rijiyar burtsatse. Ma'aikatan lafiya suna shawartar a bar kamar mita 30 a tsakaninsu, alhali filin da muke kira hamsin da hamsin gaba ɗayansa mita 15 ne kowane gefe, ko babban fili mai ƙafa ɗari ma da ƙyar zai cika sharaɗin, balle a lissafa sokawen maƙwabci na dama da na hagu da na baya, waɗanda ba a shawarci kowa ba sa'ad da aka haƙa su. Wanda ya tsara unguwar a 1975 bai yi kuskure ba, don a lissafinsa ruwan sha daga Challawa zai zo, ƙasan gida kuwa na datti ne kaɗai. Mu ne muka dawo muna sha daga inda muke zubarwa. Wannan kam sabon bututu ba ya gyara shi, abin da mai saye yake iyawa shi ne ya tambayi zurfin rijiyar da yadda aka liƙe wuyanta da siminti, ya ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta ya kai ɗakin gwaji a duba ƙwayoyin cuta da dalma da ƙarfe. In kuma da rani aka yi cinikin, ya sake kaiwa a watan Agusta, sa'ad da ƙasa ta ƙoshi, sokawen unguwa suka cika.